Shafi Ɗaya Sau Biyu: Abin da Sankarar Hanji ta Gado Ke Koyarwa

Idan aka tambayi ɗalibin sakandare yadda cuta ke bin jini daga iyaye zuwa 'ya'ya, amsar da za ta fara zuwa bakinsa ita ce ta sikila. An koya masa, kuma gaskiya aka koya masa, cewa harafi ɗaya tak ne ya sauya a cikin ƙwayar gadon da ke ba da umarnin ƙera himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, shi ya sa jajayen ƙwayoyin jinin mai cutar suke lanƙwashewa kamar lauje. Daga wannan misali ɗaya ɗalibi yakan fitar da ƙa'ida ya riƙe ta har ya bar makaranta, cewa duk cutar gado ɓacin rubutu ce: ko harafi ya sauya, ko ya faɗi, sai ƙwayar gado ta lalace ta kasa aikinta.

Wannan ƙa'ida ba ta ɗauke kowace cuta ba. Akwai wata irin sankarar babban hanji mai bin zuriya, wadda idan aka karanta ƙwayar gadon da ke haddasa ta harafi bayan harafi ba za a tsinci kuskure ko ɗaya ba. Abin da ya faru kawai shi ne an kwafi wani yanki na rubutun da ke maƙwabtaka da ita sau biyu, kuma wannan maimaici shi kaɗai ya isa ya jefa iyali cikin jinya daga kakanni har jikoki. Masu wannan lalura ba su da yawa a duniya, amma labarinsu ya isa hujjar a sake duba yadda ake koyar da ilmin gado a aji, da yadda ake fahimtar sakamakon gwaji a asibiti, da kuma irin riƙon da iyalai ke yi wa tarihin cututtukan gidansu.

Rabon gado a cikin sankarar hanji

Sankarar babban hanji da dubura ita ce ta uku wajen yawa a cikin ire-iren sankara a duniya. A shekarar 2020 an ƙiyasta cewa mutum kimanin miliyan 1.9 suka kamu da ita, kuma ta kashe fiye da 900,000. Mafi yawan waɗannan mutane ba gadonta suka yi ba. Kurakurai ne ke taruwa sannu a hankali cikin ƙwayoyin hanjinsu a tsawon rayuwa, tsufa da ƙiba da shan taba da barasa da yawan cin naman gwangwani da makamantansa suna ƙara musu ƙarfi. Kimanin kashi 5 cikin ɗari ne kawai ake iya danganta cutarsu kai tsaye da ƙwayar gado guda da suka samu daga uwa ko uba.

Galibi cutar takan fara ne da ɗan ƙaramin tsiron nama a jikin tantanin da ya shimfiɗe cikin hanji. Tsiron kansa ba sankara ba ne, kuma yakan ɗauki shekaru, sau da yawa goma ko fiye, kafin ya rikiɗe. A cikin wannan tazara likita yana iya zura na'urar leƙa hanji, wato wani siririn bututu mai fitila da kyamara, ya ga tsiron ya yanke shi tun bai zama abin tsoro ba. Saboda haka sanin wanda ya kamata a leƙa hanjinsa, da lokacin da za a fara, shi ne rabin maganin.

Manyan cututtukan hanji biyu na gado da aka fara ganowa sun bi ƙa'idar ɗalibi sau da ƙafa. Ta farko ita ce wadda ke cika hanjin matashi da tsiro ɗaruruwa, wani lokaci dubbai. A 1991 aka gano cewa lalacewar ƙwayar gado mai suna APC, a kan kuromosom na 5, ita ce sanadinta. Ta biyu ita ce cutar Lynch, wadda a 1993 da 1994 aka gano cewa tana tasowa ne daga lalacewar ƙwayoyin gadon da ke gyara kurakuran kwafi a cikin DNA. A dukkan biyun, mai tsaro ne ya faɗi, ɓarna ta samu ƙofa.

Zuriyar da ta ƙi shiga lissafi

Asibitin St Mark's da ke Landan ya fara ajiye rajistar iyalai masu tsiron hanji tun 1924, kuma ita ce mafi daɗewa a irinta. Cikin iyalan da likitocin asibitin suka daɗe suna bibiya akwai wata babbar zuriya ta Yahudawan Ashkenazi, wato Yahudawan da kakanninsu suka zauna a tsakiya da gabashin Turai. A rubuce-rubucen likitoci ana kiranta da lambar SM96. Cutar wannan zuriya ba ta yi kama da waɗancan biyun ba. Tsiron ba shi da yawa, sau da yawa ba ya kai 20 a hanjin mutum, amma iri-iri ne a gauraye, har akan sami tsiro ɗaya mai siffofin nau'i biyu ko uku idan aka duba shi da madubin likita. Da yawa daga cikin 'yan zuriyar sun kamu da sankara tun ba su tsufa ba. A 1997 aka wallafa cikakken bayanin lalurar, wadda aka sa wa sunan da ke nufin gaurayayyen tsiron hanji na gado.

Neman sanadinta ya ɗauki lokaci. A 1996 bincike ya nuna kuromosom na 6, daga baya aka gane cewa an yi ɓatan kai. A 2003 aka tabbatar da cewa matsalar tana kan kuromosom na 15, kuma wasu iyalan Ashkenazi masu irin cutar suna ɗauke da wannan yanki iri ɗaya sak, alamar cewa daga kaka guda suka gaje shi. To, an san unguwar, saura gidan. Masu bincike suka bi ƙwayoyin gadon da ke wurin suna karanta haruffansu, ba su sami ɓacin da zai bayyana cutar ba. Sai a 2012 ayarin Farfesa Ian Tomlinson na Jami'ar Oksfod ya sauya tambaya. Maimakon su tambayi ko rubutun daidai yake, sai suka ƙirga sau nawa kowane yanki ya bayyana. Nan take abin ya fito fili: wani yanki mai haruffa kimanin 40,000, wanda ke gab da ƙwayar gado mai suna GREM1, ya zo sau biyu a jere a kan ɗaya daga cikin kuromosom biyun masu cutar.

Domin a gane ƙanƙantar abin, sai a tuna cewa kundin gadon ɗan Adam yana da haruffa kimanin miliyan 3,000. Da za a mai da shi littafi mai shafi 75,000, to shafi ɗaya ne aka maimaita, kuma babu kuskure a cikin ko wane kwafin.

Yadda maimaici ke zama cuta

Tantanin babban hanji cike yake da miliyoyin ƙananan ramuka masu kama da rijiyoyi. A gindin kowane rami akwai iyayen ƙwayoyi, waɗanda aikinsu shi ne rarrabuwa ba fasawa. 'Ya'yan da suka haifa sukan riƙa hawa bangon ramin, suna girma suna koyon aikin tsotse ruwa ko fitar da majina, har su kai baki su mutu su zube cikin 'yan kwanaki, ƙasa da mako guda. Wannan gajeriyar rayuwa kariya ce, domin ƙwayar da za ta zube jibi ba ta da lokacin tara kurakuran da za su mai da ita sankara.

Abin da ke tsare wannan tsari shi ne wani saƙon sinadari da ake kira BMP. Yana da ƙarfi a bakin rami, kuma ma'anarsa ga ƙwaya ita ce ta daina rarrabuwa ta kama aiki. A gindin rami kuwa ba a son wannan saƙo, don kada iyayen ƙwayoyi su tsaya. Nan ne aikin GREM1 yake. Tana ba da umarnin ƙera wani furotin mai suna giremlin, wanda ke kama BMP ya hana shi isar da saƙo. A hanjin mai lafiya, wasu ƙwayoyin tallafi da ke kewaye da gindin ramin daga waje su ne ke fitar da giremlin, kuma a nan kawai yake da yawa. Furotin ne mai amfani ƙwarai. Ɓeran da aka hana shi wannan ƙwayar gado gaba ɗaya ba ya samun ƙoda da ƙafafu yadda ya kamata.

Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon littafin hannu ya san matani ya san hashiya, wato bayanan da ake rubutawa a gefen shafi. Kundin gado ma yana da nasa irin hashiyar: yankunan da ba su ƙera furotin, amma su ke faɗa wa ƙwayar jiki inda za ta karanta matanin, da lokacin, da kuma sau nawa. Yankin da ya maimaitu kusa da GREM1 yana ɗauke da irin waɗannan umarni masu ƙarfafa karatu. Da suka ninku, sai ƙwayoyin tantanin hanji da kansu suka shiga fitar da giremlin mai yawa, a wurin da bai kamata a gan shi ba. Saƙon tsayawa ya daina isa. Ƙwayoyin da suka riga suka bar gindin rami suka ci gaba da rarrabuwa kamar iyayensu, har suna haƙa nasu ƙananan ramukan a gefen bango, suna daɗewa suna tara kurakurai. A 2015 masu bincike a Oksfod suka tilasta wa tantanin hanjin ɓeraye fitar da giremlin, ɓerayen kuwa suka yi gaurayayyen tsiro irin na mutanen. Daga baya an sami wasu iyalan da ba Ashkenazi ba, har da wani a ƙasar Swidin, masu maimaici a wannan wuri amma tsawonsa ya bambanta. Ashe lalurar ba ta wata ƙabila ba ce. Haɗari ne da zai iya aukuwa a kowace zuriya.

Yaya shafi ke maimaituwa tun farko? Lokacin da jiki ke shirya maniyyi ko ƙwai, kuromosom na wajen uwa da na wajen uba sukan jeru kafaɗa da kafaɗa su yi musayar yankuna. Idan jerin ya ɗan goce, ɗaya sai ya tafi da yanki biyu, ɗayan ya tafi babu. Wannan na ɗaya daga cikin hanyoyin, akwai kuma kurakuran da kan faru wajen kwafi ko ɗinke DNA da ya tsinke. Kuma ba kullum ne maimaici ke zama sharri ba. Tun 1970 masanin nan Susumu Ohno ya yi bayanin cewa ninkuwar ƙwayoyin gado babbar hanya ce ta samuwar sababbin ayyuka a jikin halittu. Iya bambance ja da kore da idon mutum ke yi ya samu ne daga wata tsohuwar ninkuwa. Ƙwayar gadon da ke sa yawu ya narkar da sitaci, irin na tuwo da rogo, wani yana da kwafinta biyu, wani fiye da goma. Hatta himogulobin ɗin da ɗalibi ya sani, sashensa na alfa kwafi huɗu ne a jikin yawancin mutane, kuma rasa ɗaya daga ciki abu ne da ya yawaita a Afirka ta Yamma, har yakan sassauta wasu matsalolin sikila. Ƙirga kwafi, ashe, ba baƙon al'amari ba ne a wannan yanki.

Gyaran da ya kamata a yi

Gyara na farko a aji yake. Malamin bayoloji da ya tsaya kan sauyin harafi ya ba ɗalibansa rabin labari. Ya kamata duk inda aka koyar da sikila a biyo ta da misalin maimaici, domin ɗalibi ya san tambayoyi huɗu ne ake yi wa ƙwayar gado: shin rubutunta daidai ne, kwafinta nawa ne, a wace ƙwayar jiki ake karanta ta, kuma a wane lokaci. Wannan ba ya bukatar ɗakin gwaji ko na'ura. Alli da allo sun isa a zana rami guda, a nuna inda giremlin ya kamata ya tsaya da inda ya malala. Ɗalibin da ya fahimci haka zai fi saurin gane dalilin da ya sa ƙarin kuromosom na 21, wanda shi ma babu ɓaci a rubutunsa, yake haddasa lalurar Down.

Gyara na biyu ya shafi fahimtar gwaji. Takardar da ta ce ba a sami komai ba tana nufin ba a sami abin da aka nema ba ne, da irin dabarar da aka yi amfani da ita. Tsohuwar hanyar karanta haruffan ƙwayar gado ba ta ganin maimaici, domin kwafin biyu duka daidai suke, kuma yankin GREM1 da ake magana a kai yana wajen matanin da aka saba karantawa. Sai da dabarun ƙirga kwafi, irin wadda ake kira MLPA da aka fito da ita a Holan a 2002, ake iya kama shi. Ko a cutar Lynch ma, wani kaso na iyalai babban yanki ne ya ɓace musu ko ya ninku, kuma karatun haruffa kaɗai yakan tsallake su. Don haka iyalin da mutum uku ko huɗu suka yi sankarar hanji tun da ƙuruciya bai kamata ya saki jiki don gwaji ya fito fari ba. Tarihin gida shaida ce mai zaman kanta, kuma likitan kirki da ita yake tsara lokacin leƙa hanji ko da gwajin jini bai nuna komai ba.

Mai karatu yana iya cewa wannan cuta ce ta 'yan iyalai ƙalilan a Turai da Amurka da Isra'ila, mene ne ruwan ɗalibin Katsina ko Damagaram da ita, alhali zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka na nan? Gaskiya ne cewa babu hikima a ce kowa ya je a gwada masa GREM1, kuma ba a nan kuɗin lafiyar jama'a ya kamata su tafi ba. Amma ƙarancin masu cuta ba ya rage girman abin da ta bayyana. A 2008 an nuna cewa wasu ƙananan bambance-bambance a daidai wannan yanki na kuromosom na 15, waɗanda ɗimbin mutane ke ɗauke da su, suna ɗan ƙara haɗarin sankarar hanji ga jama'a gaba ɗaya. Bayan haka, an gano maimaicin a cikin waɗancan iyalai ne domin su aka yi shekaru ana rubuta tarihinsu. Wani nazari na 2016 ya nuna cewa kimanin kashi 81 cikin ɗari na mutanen da aka sa a manyan binciken kundin gado 'yan asalin Turai ne, masu asalin Afirka kuwa kimanin kashi 3, alhali Afirka ta fi kowace nahiya yawan bambancin gado. Inda ba a duba ba, ba a da ikon cewa babu. Masu dubawar nan gaba kuwa suna zaune a azuzuwan sakandare yau.

Akwai kuma mai tsoron cewa tono irin wannan magana zai ɓata wa gida suna, ya hana 'ya'yansa aure. Wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma shi ya sa bayanin gado sirri ne tsakanin mutum da likitansa. Malami ma bai kamata ya sa ɗalibi ya faɗi cututtukan gidansu a gaban aji ba. Da zuriyar misali ake koyar da zanen bishiyar iyali. Amma ya kamata a san cewa lissafin wannan cuta dabam yake da na sikila. Sikila sai uwa da uba sun haɗu kowa ya ba da nasa, shi ya sa ake gwaji kafin aure. Wannan kuwa kwafi ɗaya daga ɗayan iyaye ya isa, kuma ba ruwanta da auren zumunci. Kowane ɗa yana da rabi da rabi: ko ya gada, ko ya tsira sarai shi da zuriyarsa. Wanda ya gada ma ba a yanke masa hukunci ba, domin tsiro ake gada halin fitarwa, kuma tsiro ana cire shi. Ɓoyewa ce ke mai da abin da ake iya yankewa cikin rabin sa'a ya zama cutar da ta gagari magani.

Gyara na uku a gida yake, kuma ba ya cin kuɗi. A ƙasar Hausa jini a bayan gida kusan kullum basir ake kiransa, a nemi jiƙo a yi ta sha. Sau da yawa basir ɗin ne kuwa, amma ido ba ya iya rarrabewa, kuma likitoci a Nijeriya sun sha bayyana cewa masu sankarar hanji sukan iso asibiti a makare, da yawansu kuma ba tsofaffi ba ne. Jinin da ya ƙi tsayawa, sauyin yanayin bayan gida na makonni, rama ba dalili, da ƙarancin jini, duk abubuwa ne da likita ya kamata ya gani. Idan kuma uba ko uwa ko ɗan'uwa na jini ya taɓa yin wannan sankara, shawarar da likitoci suka fi bayarwa ita ce a fara leƙa hanji a shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da mafi ƙuruciyar masu cutar a gidan ya kamu, duk wanda ya riga zuwa. A iyalan da aka tabbatar da cutar gado ana farawa tun kafin haka.

Wannan shawara ba ta aiki sai an san wa ya yi ciwo, wane irin ciwo, yana da shekara nawa. Hausawa sun iya riƙe salsala, akwai tsohuwar da za ta jero kakanni bakwai ba ta yi tuntuɓe ba, amma da wuya a ji an riƙe abin da ya kwantar da su. Ɗalibin da ya iya rubutu yana iya cike wannan giɓi: ya zauna da manyan gida cikin ladabi, ya rubuta abin da suka sani game da iyaye da kakanni da baffanni da gwaggwanni da kawunnai, a adana takardar inda ake adana takardun gona. Da irin wannan rajista aka fara a Landan a 1924, shekaru kusan 30 kafin a san siffar DNA, kuma sai bayan shekara 88 kimiyya ta iya nuna shafin da ya maimaitu. A duk tsawon wannan lokaci, sanin waɗanne iyalai ne ke cikin haɗari shi ya riƙa kai mutane gaban likita da wuri.